Rasuwar Gangar Lantarkin da Kawu Ya Gasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɗan haushin da nake roƙon Ubangiji ya cire mini, ni Julius mai injin markaɗe a kasuwar Samaru nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da dukkan mawaƙan majami'armu rasuwar abokiyar aikina, gangar lantarki mai fuskar roba takwas, wadda aka fi sani da Baƙa. Ta bar mu ranar Litinin da hantsi a shagon Iyke mai gyaran rediyo a Sabon Gari, bayan jinyar kwana huɗu.

Shekara uku ke nan da ta zo hannuna. Tomiwa, ɗalibin jami'ar da ke yi mana kiɗa a da, shi ya bar mini ita da zai tafi bautar ƙasa. Waɗanda suka san ni sun san inji ya taɓa cin hannuna na dama, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa, sandar kiɗa ma da ƙyar nake riƙewa. Gangar fata kuwa ƙarfi take so, in ba ka doke ta ba, ko benci na biyu ba zai ji ba. Amma marigayiya ba ta taɓa raina hannuna ba. In na taɓa ta a hankali sai ta ce "tim" a hankali. In na ɗan ƙara, ta ce "dum". Gefen hagu "tas", can sama "tsss". Ta san inda na taɓa ta, ta san yadda na taɓa ta. Ko a cikin mutane ba kowa ke da wannan hali ba.

Abin da ya ƙara wa rashin nan zafi, Asabar mai zuwa ne ɗaurin auren yayata Ƙauna, wadda ta yi wata biyu tana wanke mini hannun nan da ruwan gishiri. Tun da aka sa rana ta ce ba wanda zai kaɗa mata shiga majami'a sai ni. Na amsa mata, domin na dogara da Baƙa.

Ga yadda ciwon ya fara. Kawu Dominic, wan mahaifiyarmu, ya fi shekara arba'in yana kaɗa wa zumuntar mata ganga. Kowa ya san da damina fata takan saki, sai an kanga ta a wuta kafin ta yi murya. Ranar Alhamis muna gwajin waƙar biki, an yi ruwa, sai Mama Edith shugabar mawaƙa ta rage sautin sifika saboda dattawa na taro a ɗakin gefe. Ni kuma na leƙa kasuwa in rufe inji. Ina dawowa na tarar da Baƙa a gindin murhun da mata ke suyar cincin, Kawu yana tsugune yana jujjuya ta.

Na ce, "Kawu, me ke nan?"

Ya ce, "Sanyi ya kama ta, ɗana. Ba ka ji muryarta ta dishe ba? Bari ta ɗan sha wuta."

Na ce, "Kawu, roba ce fa."

Ya ce, "To roba ba ta jin sanyi ne?"

Wa zai yi musu da Kawu? Babba ne. Na dai ɗauke ta da bakin rigata, tana wari kamar tayar da aka ƙona.

Daga ranar hankalinta ya juye. In na taɓa hagu, dama ke amsawa. In na shafa ta a hankali sai ta daka tsawa, in na doke ta sai ta yi shiru kamar an yi mata laifi. Ranar Lahadi fasto na tsakiyar addu'a, kowa ido a rufe, ba wanda ya taɓa ta, ta fara "tas, tas, tas" ita kaɗai. Mama Edith ta buɗe ido ɗaya ta kalle ni. Na ɗaga hannuwana biyu sama don ta shaida.

Litinin na rungume ta a keke napep har Sabon Gari. Iyke ya kwance bayanta, ya shinshina, ya ce, "Oga Julius, wa ya gasa wannan? Masara ne?" Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ya nuna mini na gane. A ƙarƙashin kowace roba akwai ɗan faifan tagulla kamar kwabo, da fari a tsakiyarsa. In an danna shi sai ya ba da 'yar wuta, dannawa kaɗan wuta kaɗan, dannawa da ƙarfi wuta mai yawa. Da haka take gane waje da nauyin hannu. To zafi ya narkar da gam, faya-fayan sun zame daga mazauninsu, robar ta lanƙwashe ta fasa bakwai, allon ciki kuma ya kumbura. Ya jona ta sau ɗaya. Ta ce "tsss". Shi ke nan.

Marigayiya ta bar sanduna biyu, da waya, da jakar da Yaya Ƙauna ta ɗinka mata. Ta bar Kawu Dominic, wanda har jiya yake cewa da an bar ta ta ƙara minti biyar da ta warke. Ta kuma bar maraya ɗaya, faifai na takwas, wanda ya fita ko tsagewa babu.

Talata da safe ina markaɗa tattasai sai ga Kawu da gangarsa ta fata, wadda ko taɓa ta ba ya bari a yi. Ya dire ta a gabana, ya ce, "Kai wa Oga Iyke ya gani," ya juya. Iyke ya manna marayan a gefen fatar da salatif, ya ja waya zuwa sifika. Murya ɗaya ce, babu "tas", babu "tsss", ba ta san hagu da dama ba. Amma na taɓa ta da hannun nan nawa, a hankali, mai kanti a tsallaken titi ya waiwayo.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma a bayan majami'a. Kawu ne zai ɗauki gawa, shi ya nema. Ba za a binne ta ba, domin Iyke na son kusoshin. Masu zuwa ta'aziyya za su sami cincin, na murhun nan dai.

Asabar da ƙarfe goma kuma Yaya Ƙauna za ta shiga majami'a, ni zan kaɗa. In an yi ruwa fata ta saki, Kawu zai kanga gangarsa a wuta yadda ya saba, wannan kam ya iya. Maraya kuwa yana cikin aljihuna har sai na ga an kashe murhun da idona.