Yadda Kwamiti Ya Rufa Wa Kakata Ɗaki

Jama'a, yau da safe an hana ni shiga gidanmu. Gidan da aka yanke mini cibiya a ciki fa. Na taho da tsani a kafaɗa, sai wani ƙato mai hular kwano, wai shi Prince, ya tare ƙofa ya ce, "Abokina, ina za ka da wannan? Nan aikin hukuma ne."

Na ce, "Yallaɓai, ɗakin kakata zan hau."

Ya ce, "Kakarka tana da takardar izini?"

Bari in koma baya, kar ku ce zafin Maiduguri ne ya taɓa ni.

Gidan nan kakanmu marigayi ne ya gina shi da ƙasa, tun unguwar tana gonar gero. Bara rufin ɗakin kakata, Ya Kellu, ya zauna. Muka kwashe ta muka kai wa ƙanwar babana a Bulumkutu, muka yi mata rantsuwa cewa ruwan farko na bana a ɗakinta zai same ta. Duk Asabar sai mu yi gayya. Kawu Ba'ana ne magini, abokina Dzarma kafinta, ƙanwata Zulaiha tana kan tukunyar burabusko, ni kuma babban jami'i mai kula da surutu.

Kowa ya san da rufi ake farawa. Kowa, ban da Ya Kellu. Ta aiko daga Bulumkutu cewa a fara da gaban gida, a yi yaɓe a shafa fenti, masu wucewa su san gidan mijinta bai mutu ba. Kawu ya ce, "Ya, ruwa ba ya duba fenti." Ta ce, "Mutane suna dubawa." Shi ke nan, muka yi wa gida kwalliya kamar amarya, ciki kuwa ɗaki a buɗe, in ka kwanta kana ƙirga shirwa.

Shekara arba'in bangon nan yana zagwanyewa, ko ɗan aiken ofis bai taɓa ɓatan hanya ya biyo ta layinmu ba. Fenti bai gama bushewa ba sai ga motoci uku, baƙaƙe, masu sanyi, a makon da Dzarma ya wuni a layin mai har ya yi abokai biyu, aka gayyace shi ɗaurin aure. Wani mai tumbi ya fito, ya ce shi ne Sakataren Kwamitin Kyautata Tsofaffin Gidaje. Ya dubi bangonmu, ya yi murmushi irin na wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema.

"Madalla," in ji shi. "Aikinmu ya yi kyau."

Kawu ya waiga bayansa ko akwai wani bangon da bai gani ba.

Washegari suka kafa wani allon ƙarfe a ƙofarmu, faɗinsa ya fi ƙyauren shago. An rubuta wai kwamiti ne ya gyara gidan nan, ga hoton Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle yana dariya har kunne. Gaskiya a yaba musu, ban taɓa ganin aiki mai sauri haka ba. Mu wata biyu muna cuɗa ƙasa, su da magini ɗaya ba su zo ba, amma a yini guda suka gama.

Matsalar ita ce a takardarsu an kammala aikin ɗari bisa ɗari. Don haka ba tsani, ba guduma, ba katako, har sai Mai Girma ya zo ya ƙaddamar, don abin kunya ne babban mutum ya tarar ana aiki a inda aka gama aiki. Yaushe zai zo? Talata. Talata ta zo, ya tafi taro. Wata Talatar, ya tafi ta'aziyyar wanda suka haɗu a taron. Sai suka ajiye mana Prince yana gadin gidanmu, kar mu gyara shi.

To yau bayan azahar hadari ya haɗo daga wajen Khaddamari, baƙi ƙirin. Muna tsaye cirko-cirko sai ga keke napep ta tsaya. Ya Kellu ce, da akwatinta da kaskon turarenta. Ta dubi sama, ta dubi Prince.

"Wushe, sannu ɗana. Ɗan wa ne kai?"

Ya faɗa mata.

"Uwarka tana da rai?"

"Tana nan, Mama."

"Ɗakinta da rufi?"

Prince ya cire hular kwano yana sosa ƙeya. Ta ce, "Riƙe musu tsanin nan, kai ne mai ƙarfi." Wallahi ya riƙe, har yana ce mini in taka a hankali.

Muka hau bugu, Zulaiha tana miƙo ƙusa tana zagin mu da sanyin jiki. Saura kusurwa ɗaya kwano ya ƙare. Kawu ya ce, "Dzarma, ba kai ka auna ba?" Ya ce ya auna gefe ɗaya ya ninka, kamar yadda aka koya masa. Bai san kakanmu da ido ya yi awon ɗakin nan ba, bangon gabas ya fi na yamma da taku biyu. Kuma ramin da ya rage daidai saitin gadon Ya Kellu yake. Ga yayyafi ya fara.

Kawai dai dukkanmu muka juya muka kalli allon kwamiti. Prince ya ce shi fitsari ya matse shi, zai ɗan daɗe.

Muka tumɓuke allon muka haura da shi rufi. Ku zo ku ga yadda ya zauna, kamar don ramin aka ƙera shi. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai taɓa gadon ba. Sai dai cikin gaggawa Dzarma ya kifa shi, rubutun yana kallon ƙasa. Ya Kellu ta kishingiɗa, ta ɗaga ido, ta ga namiji yana mata dariya daga sama. Ta yi salati ta ce ita tun rasuwar mijinta ba wanda ya leƙa ta a ɗaki. Dole Zulaiha ta hau kujera ta rufe fuskar Mai Girma da tsohon zane.

Don haka, Mai Girma, ranka ya daɗe, muna godiya, kwamitinka ya saka hannu a gyaran gidanmu, ni shaida ne. Duk Talatar da ka samu sarari ka taho, har ƙyallen da za ka yaye mun rataya maka. Ka dai yi sallama kafin ka shiga, tsohuwar tana da faɗa.