Ranar da Na Manta Ajin Nan Suna Ji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara tsayawa gaban aji a matsayin cikakkiyar malama ba, don har yau idan na tuna sai na rufe fuska da gyale.

Shekara shida na yi ina mataimakiya a ajin yara kurame, a wata firamare da ke gefen Goronyo. Malamar ajin, Madam Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna ce, ita ta koya mini maganar hannu tun daga "sannu" har na iya ba da labari. Aikina shi ne share allo, rarraba alli, raba faɗa, da riƙe hannun wanda bai iya riƙe fensir ba. A ƙarshen mako kuma in hau mota zuwa Sakkwato karatun malanta.

To a ajin nan na ɗauko wata ɗabi'a. Da zarar na juya ina rubutu a allo, sai in shiga magana da kaina da ƙarfi: abin da zan dafa, wanda ya ɓata mini rai, har waƙa. Yaran ba sa ji, Madam kuwa ta saba (ita ma wani lokaci takan sa baki).

Shekarar da na karɓo takardata, malamai suka yi ƙaranci. Biyu sun yi ritaya, an yi wa ɗaya canjin wurin aiki zuwa Rabah, ba a turo kowa ba. Hedimasta ya kira ni ofis ya ce, "'Yan aji ukku ba su da malami. Ke za ki riƙa su. Ran Litinin mai duba makarantu na tahe, in ya gamsu da ke, an tabbatar miki."

Na fito ina taka ƙasa kamar ba ni ba. Mahaifiyata ta sanar da duk unguwa tun kafin in isa gida.

Ran Litinin na sha sabuwar atamfa, na zaɓi darasin noman rani, tunda yawancin yaran iyayensu albasa da shinkafa suke nomawa da ruwan dam. Mai dubawar ya shigo, wani dattijo dogo, ba fara'a, ya zauna can baya da littafinsa. Tafiyar babur ta karkatar masa da hula har ta kusa rufe kunne ɗaya.

Na gaishe shi da ladabi, na juya allo, na fara rubutu. Sai bakina ya kama aikinsa shi kaɗai.

"Ke baiwar Allah, natsu," in ji ni. "Mi kike tsoro? Wanga tsoho ba kura ba ne. Dubi hullatai ma, awa tukunyar da ta kihe bisa murhu. In ya hana miki aikin ga, sai ya zo ya koyar da su da kainai."

Na ƙarasa rubutuna tsaf, har da ja layi a ƙasa. Na juyo da murmushi.

Idanu sun fi ɗari a kaina. Wata yarinya a bencin gaba, Nana, ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Malama, mu fa muna ji."

Dariya ta fashe har ajin maƙwabta suka leƙo ta taga. Dattijon ya sa hannu biyu ya gyara hularsa, ya ce, "Ɗiyata, yanzu tukunyar ta zamna daidai?"

Wallahi na nemi muryata na rasa. Da na ga maganar ta ƙi, sai hannuwana suka yi abin da suka iya. Na ɗaga hannu na yi alamar shiru, na nuna ruwa yana gangarowa, na nuna ana dasa albasa, na nuna mai yanka ta yana hawaye. Yaran suka bar dariya suka fara kwaikwayona. Kafin a kaɗa ƙararrawa, kowa ya iya jera matakan noman albasa, da baki da hannu.

A ofis na durƙusa na ce, "Baba, ka yi mini gafara." Ya ce shekarunsa da yawa yana zagaya makarantu, ba a taɓa gaya masa gaskiya a kan hularsa ba sai yau. Ya sa hannu a takardar tabbatar mini da aiki yana dariya har da tari.

Madam Rifkatu ta rungume ni a bakin ofis, ta ce, "Barka, Malama!" Sai da ta bari na gama kukan murna, sannan ta zauna a kan dakali ta yi dariyarta son rai.

Abin da na koya dai shi ne, idan Allah ya ɗaga ka zuwa sabon matsayi, kafin ka buɗe baki ka fara duba ko mutanen wurin suna da kunne.