Goyon da Na Kwaikwaya a Gwarzo

Ba zan taɓa mantawa da bitar nan ta Gwarzo ba, ko da yake wallahi na so in manta. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Dugabau, kuma tun ina ƙarama Allah Ya jarrabe ni da iya kwaikwayo. In na ga mutum sau ɗaya, to tafiyarsa da tarinsa da yadda yake jan hanci duk na kwashe. A gidan biki ni ake zaunarwa a tsakiya. (Innata ta sha ce min, "Ke dai wannan bakin naki, wata rana shi zai yanka miki wuya." Sai in maimaita mata da muryarta, ita ma ta fashe da dariya, faɗa ya watse.)

Wata ƙungiya ce ta samo tallafi domin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙauyuka. Aka tara mu, ma'aikatan lafiya da na walwalar jama'a da malamai da masu unguwanni, daga Gwarzo da Kabo. Aka ce duk asibitin da ma'aikacinsa ya kammala bitar za a ware masa ɗaki, likita ya riƙa zuwa daga Kano yana duba masu ciwon damuwa da taɓin hankali, magani kuma kyauta. Da zan yi muku ƙarya sai in ce tausayi ne ya kai ni. Gaskiya abin da ya fara jan hankalina alawus ne, da labarin cewa ana ba da shinkafa da kaza.

A bayana wani dattijo yake zama, Malam Ɗahiru, malamin Islamiyya daga Masanawa. Ba ya magana, sai sauraro, ya ɗora haɓa a kan sanda. Ran nan an fita shan shayi sai ya yi min sallama. Na rusuna muka gaisa, ya tambayi gida da maigida da yara da aiki, sannan ya ce, "'Yata, ke ce ta Dugabau ko?"

"Ni ce, Baba."

"To, akwai wata yarinya can wajenku. Tun da aka yi mata rasuwa ba ta dawo daidai ba. Dangin mijin sun matsa sai an kai ta wurin wani mai magani, irin masu sa wa mutum mari a ƙafa. Na roƙe su su dakata har in zo in ga abin da ake koyarwa a nan. In hankalina ya kwanta da ku, hannunku za a kawo ta."

Na ce, "Haba Baba, ai kawo ta kawai za a yi. Mu da muke riƙe marar lafiya kamar ƙwai!" Ban tambayi sunanta ba. Na ɗauka wata ce da takaba ta taɓa, kuma rabin hankalina yana kan layin shayi, kada madara ta ƙare.

Mai koyar da mu Madam Rifkatu ce, ma'aikaciyar jinya. Iyayenta mutanen kudancin Kaduna ne, amma a Gwarzo ta tashi, Hausarta ta fi tawa daɗi. Washegari ta ce za a yi wasan kwaikwayo: ɗaya ya fito a marar lafiya, ɗaya a ma'aikaci, a ga yadda ake sauraron mutum. Kafin ta rufe baki waɗanda suka san ni sun fara nuna ni. Ni kuwa dama abin nema ya samu, don ina da wadda zan yi.

Hadiza ake ce mata, matar wani manomi a garinmu. Ɗanta ya rasu da zazzaɓi bai kai ga yaye ba. Tun daga nan, duk ranar rigakafi da awon yara sai ta naɗe matashi a zani, ta goya, ta ɗaure da majanyi, ta zo ta bi layi tare da masu jego. In layi ya zo kanta sai ta kwance a hankali ta miƙo. Mu kuma mu rataya a sikeli mu ce, "Masha Allah, ya ƙaru." Sai ta yi murmushi ta mayar da goyonta ta tafi. Mun saba har abin ya daina ba mu tausayi, ya koma abin hira in an tashi aiki.

Na cire matashin wata kujera, na ari mayafin wata, na goya. Na shigo da irin tafiyarta, ƙafa ɗaya tana ɗan ja. Na riƙa jijjiga ina bubbuga bayan goyon yadda take yi, na siranta murya na ce, "Yi shiru Abba, yi shiru Abbana, yanzu Malama za ta auna ka." Ɗakin ya kece da dariya. Wanda aka ba matsayin ma'aikaci ya dafe ciki don dariya. Madam Rifkatu ta ɗaga hannu ta ce, "Ya isa, ya isa haka." Ina! Wanda ake yi wa tafi ai ba ya ji. Na ƙara da yadda take leƙa sikelin, da yadda take ce wa matan layi, "Naku ma Allah Ya raya, nawa kam ya fara haƙori." (Har sunan unguwarsu na faɗa. Ni da kaina, da bakina, ba wanda ya tambaye ni.)

Ƙarar sanda a kan siminti ce ta tsayar da ni. Malam Ɗahiru ya miƙe tsaye. Bai ɗaga murya ba, amma ɗakin ya yi tsit.

"Malama," ya ce (jiya 'yata, yau Malama), "kin iya. Haka take tafiya, haka take magana, ba ki bar komai ba." Sannan ya ce, "Sunanta Hadiza. 'Yata ce ta fari. Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba sai yau. Yaron nan da kika goya kuwa, sunana aka sa masa, shi ya sa take ce masa Abba. Ni na yi masa salla."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni Bahaushiya, haifaffiyar ƙauye, na san dattijo ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya ma nuna nasa ne. In ya ce "wata yarinya", ai ya gama magana ga mai hankali. Ga ni tsaye a tsakiyar mutane da matashi a baya. Na kai hannu in kwance, ƙullin ya ƙi, don da ƙarfi na ɗaure saboda a ji daɗin jijjigar. Sai Madam Rifkatu ce ta zo ta kwance min, ita ma idonta ya kawo ruwa. Malam ya ɗauki takalmansa a bakin ƙofa ya fita, ba wanda ya iya bin sa. Bayan azahar aka dawo aji, darasin da ke kan allo shi ne rufe sirrin marar lafiya. Ba wanda ya kalle ni, kuma hakan ya fi min zagi ciwo.

Ranar awon da ta biyo baya Hadiza ba ta zo ba. Na yi ta leƙen ƙofa har aka tashi. Da abin ya ishe ni na roƙi maigidana ya raka ni Masanawa. Muka sami Malam a zaure, na durƙusa ina kuka wiwi, ina roƙon ya yafe min.

Ya ce, "Tashi, 'yata. Na yafe miki duniya da lahira, Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Na ce, "Baba, don Allah a kawo ta. Likita zai fara zuwa. Ni ko ganina ba za ta yi ba, in an ce in bar asibitin ma zan bari."

Ya girgiza kai. "Da na dawo dangin mijin suka tambaye ni me na gani. Ba na ƙarya, kuma abin da na gani ba zai faɗu ba. Sai na yi shiru. Shirun nan suka ɗauka amsa. Sun tafi da ita wurin mai maganin."

An buɗe ɗakin, likita yana zuwa, kuma ni ce mai kula da shi, don na ci bitar da sakamako mai kyau (ku ji ikon Allah). Na ga matan da aka kawo ba sa ci ba sa magana sun warke, sun koma surfe da kitso. Duk wadda ta warke ina murna, sannan in shiga ɗakin magani in yi kuka, don na san wadda ya kamata a fara da ita. Labarin ƙarshe da na ji, Hadiza tana can, kuma sun ƙwace matashin.

Sababbin ma'aikata yanzu yabona suke yi, wai Malama ba ta da surutu. In na ji sai in ce musu da tsada na saya. Abin da na koya ba ya cikin takardar shaidar da aka ba ni: duk wanda ka ga yana abin dariya a bakin asibiti, ba daga sama ya faɗo ba. Yana da uba, kuma ba lallai ne uban ya gaya maka ba.