Ƙafata da Harafin C

Ranar Laraba salansar ɗan kabu-kabu ta ƙona mini sharaɓa a hanyar dawowa daga Ribah. Na ɗingisa zuwa ƙaramin asibitin unguwarmu, inda ɗaliban jinya ke koyon aiki. Na tarar da Dinah, 'yar maƙwabcina Joel, tsohon soja. Tana shekarar ƙarshe, kuma ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba, don haka hankalina ya kwanta.

Ta duba ƙunar da kyau, ta gyara hularta, ta tsaya tana kallona.

"Baba, ina jiranka."

"Jiran me, ɗiyata?"

"Ka ba ni zaɓi mana. A, B, C, D. Mu haka ake tambayarmu."

Ƙafa tana zafi, ba lokacin gardama ba ne. Na ce, "To, A, man goge baki. B, ɗanyen ƙwai. C, baƙin man inji. D, ruwan sanyi."

"C," in ji ta, ta leƙa taga tana neman bakanike.

Na ce ta dakata, na yi kuskuren jeri. Na sake lissafowa, na sa ruwan sanyi a C. Nan take ta yi mini bayani mai kyau kan yadda ruwa ke kwantar da ƙuna, har da dalilin da ya sa ba a fasa bororo. Ashe yarinyar ta san aikinta. Hannunta ne kawai ba ya motsi sai ya ji harafi na uku. Famfon asibitin, wanda manya suka yanka wa ƙyalle bara, bai kawo ko ɗigo ba, sai da ruwan leda aka cece ni.

Da la'asar na kai ƙara wurin ubanta. Joel ko a jikinsa.

"Maƙwabci, ai kai ka yi ganganci. Wa ke sa gaskiya a D? Tun da Mai Girma Shugaban Kwamitin Tace Tambayoyi ya hau kujera, amsa C take. Yaran ma cewa suke ta gida ce, tunda da ita ake fara rubuta sunan harshenmu, C'lela."

Na bincika, kuma dole a yaba wa Ranka-ya-daɗe. Masana sun ce jarrabawar kirki ita ce wadda in an maimaita ta sakamako ba ya sauyawa. Tasa ba ta taɓa sauyawa ba: bana kowa ya ci, bara kowa ya ci, har wani da ya shiga ɗakin jarrabawar don neman inuwa ya fito da sakamako mai kyau. Masanan sun kuma ce dole jarrabawa ta auna abin da aka koyar. Dinah ta karanta mini tambaya ɗaya daga ka: "Wane ne ya aza harsashin ɗakin gwaje-gwajenmu?" Tambaya ce mai adalci, domin harsashin yana nan, kowa na ganinsa, awaki na kwana a kai. Wata kuma ta ce: "Wanne ne ba zai zama ba daidai ba idan ba a ƙi yin sa ba?" Na juya ta gaba da baya, ni ma na zaɓi C.

Joel ya ce kada in damu, gyara ya zo. Kwamitin ya tafi taron bita a wani otal mai sanyi, inda wata baƙuwar malama ta gargaɗe su cewa ɗalibai sun gano lagon. Suka yi muhawara mai zafi, suka ci abinci, suka fitar da sanarwa: daga zango mai zuwa, amsa ta koma B.

Gobe ne ranar sauya mini bandeji, kuma an ce sababbin ɗalibai sun iso. Na shirya jerina tsaf: magani a B, magani a C. Baƙin man inji kuwa na cire shi gaba ɗaya, ko da an sake wani taron bita ban ji ba.