Ranar da Na Sa Aka Tura Lafiyayyar Mota

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai lefen abokina Sabi'u ba, kuma ko na so in manta, mutanen Kura ba za su bar ni ba. A lokacin ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare (ka riƙe wannan da kyau, Turanci na ce), ina da babur, ina da hula ɗaya ta shiga taro, ina kuma fama da wani ciwo da ban gaya wa kowa ba: son Rukayya, ƙanwar Sabi'u.

Ana saura 'yan kwanaki a kai lefen, Yaya Nasiru, ɗan kawuna da ke aiki a Legas, ya zo duba gonarsa ta tumatir da wata mota da ba mu taɓa ganin irinta ba. Tokumbo ce, ruwan toka, ba wata babba ba, amma har daga Garun Malam ana zuwa kallonta, don an ce da fetur da batir take tafiya. Haibirid, in ji shi. Ni ba batirin ne ya dame ni ba. Esinta ne. Tsakiyar bazara ake, irin zafin da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa, amma in ka shiga motar nan sai ka ji kamar an tsoma ka a randa.

Nan take na ƙulla shawara da zuciyata. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifin Sabi'u, ita ce za ta jagoranci mata zuwa gidan amarya a Bunkure. Tana da hawan jini, zafi na wahalar da ita, kuma duk inda za ta da Rukayya take tafiya. Wanda ya ɗauki Gwaggo a mota mai sanyi ya ɗauki Rukayya ke nan.

Da na je aro, Yaya Nasiru bai hana ni ba. Sai dai ya ce, "Shigo in nuna maka halinta, ba kamar sauran motoci take ba."

Na ce, "Haba Yaya, mota ai mota ce."

(Duk tuƙin da na iya a duniya a tsohuwar a-kori-kurar babanmu na koya, wadda sai an tura take tashi.)

Ya dube ni, ya nuna min giyar gaba da ta baya, ya miƙo makulli, ya hau bayan babur ɗin yaron gonarsa ya tafi.

Bayan azahar muka tashi. Bas mai ɗauke da akwatuna da sauran mata ta yi gaba. Gwaggo na gefena, Rukayya da Anti Larai, matar wan Sabi'u, suna baya, sun sha kwalliya, turare ya cika motar. Sanyi na fita yadda ya kamata, kowa na jin daɗi. Da na bar abin haka, da yau ba ni da labarin bayarwa. Sai idona ya faɗa kan wani maɓalli kusa da na esi, an rubuta masa haruffa huɗu: ECON.

Na gyara murya. "Gwaggo, wannan sanyin da kike ji somin-taɓi ne. Kin ga wannan? Eyakwan ke nan, Turawa ne suka gajarta shi. Shi ne babban esin."

Na danna, wata 'yar fitila ta kama. Gwaggo ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan. Ilimi dai da daɗi." Na saci kallon Rukayya ta madubi, na ga tana murmushi. Na ji kaina ya ƙara girma har hular na matse ni.

A wata 'yar gada kan kanal ɗin noman rani muka tsaya shanun Fulani su wuce. Na ji motar ta yi wani irin shiru, amma kafin in yi wani tunani hanya ta buɗe, na taka, ta tafi abinta. Na ce a raina kunnena ne.

Inda asirina ya tonu shi ne wajen da ake lodin tumatir. Lokacin ɗibar tumatir ne, manyan motocin Kudu sun yi layi, kwanduna jibge har bakin kwalta, wata gingimari ta gitta tana neman juyawa. Bas ɗinmu ta samu ta sulale, mu muka maƙale. Na taka birki. Inji ya ɗauke ɗif. Ba ƙara, ba girgiza, ba komai. Iskar da ke fitowa ta fara ɗumi, ta koma kamar numfashin saniya.

Anti Larai ta ce, "Malam, lafiya? Babban esin ne haka?"

Na ce, "Yanzu zai dawo."

Bai dawo ba. Ƙafata na kan birki kamar an kafa ta da ƙusa, don a gabana akwai kwandunan mutane. Na murɗa makulli na kashe gaba ɗaya, na sake murɗawa. Shiru. Na sake. Shiru. Gilasai a rufe, rana na dukan rufin mota, cikin ɗan lokaci muka koma kamar gurasa a tanderu. Hodar Anti Larai ta fara gangarowa layi-layi. Na waiga na ga Gwaggo ta jingina kai, ta rufe ido, tana numfashi sama-sama.

A nan wasa ya ƙare. Na fita da gudu na buɗe mata ƙofa, ni da Rukayya muka riƙe ta zuwa rumfar wani dillalin tumatir. Ya ba ta benci, na sayo ruwan leda mai sanyi, na yago kwali ina yi mata fifita. Sai da na ga ta buɗe ido ta ce, "Na ji dama, je ka duba motarka," sannan hankalina ya dawo jikina.

Da hankalin ya dawo, sai ya dawo da girman kansa. Na buɗe bonet, na tsaya na riƙe ƙugu ina kallon abin da ban san kansa ba. 'Yan lodi suka kewaye ni. Na yi musu bayani cewa esi ne ya shanye batir, irin motocin nan haka suke, ba a yi su don ƙasarmu ba. Wani ya ce to a tura mana. Na ce dama abin da zan ce ke nan.

Na shiga, na sa ta a firi, majiya ƙarfi suka dafa. Suka tura ni gefen hanya, suka tura ni gaba, ni kuwa ina ta laluben kuloci da ƙafar hagu don in fizge ta. Babu kuloci. Motar otomatik ce. Ina ta taka tabarmar mota, suna ta haki, suna cewa, "Malam, sake ta mana." Muka wuce, muka dawo ta gaban rumfar da matan ke zaune. Rukayya ta rufe baki da mayafi.

Ana cikin haka Anti Larai ta ce an kira ta daga bas. Sun isa Bunkure tuni, sun tsaya a bakin layi don ba za su shiga babu Gwaggo ba, dangin amarya kuma sun fara cewa ko raini ne ya sa aka shanya su. Auren abokina na neman samun tabo tun kafin a ɗaura, kuma ni ne sanadi.

Dole ta sa na kira Yaya Nasiru. Wayata irin 'yar Cainar nan ce da ake yayi a lokacin, wadda in ana magana da kai duk unguwa sai ta ji.

"Yaya, mota ta mutu."

"Mutuwa kuma? Mayar da giya kan P, ka taka birki, ka murɗa."

Na yi yadda ya ce. Ta tashi tsaf, kamar ba ita ba. 'Yan lodin da suka jiƙe sharkaf da gumi suka tsaya suna kallona.

"To ta tashi. Amma dama ita ta fara mutuwa da kanta."

"Me ka taɓa?"

"Ba abin da na taɓa. Eyakwan kawai na kunna."

"Wane eyakwan?"

"Wanda aka rubuta E, C, O, N."

Sai dariyarsa ta fashe ta cikin wayar, kasuwa duka na ji. Da ƙyar ya iya magana. "Kai, malamin Turanci, wannan na tattalin mai ne. In ka kunna shi, duk inda ka tsaya inji zai kwanta don kar ya sha fetur a banza, esi kuma inji ne ke juya shi, shi ya sa sanyi ke ɗaukewa. Ɗaga ƙafa kawai za ka yi daga birki ya farka. Kashe shi, injin zai zauna a kunne, ku sha sanyinku. Motar lafiyarta ƙalau."

Wani dattijo cikin masu turin ya share goshi ya ce, "Wato barci take yi muka ɗauke ta zuwa maƙabarta." Aka kwashe da dariya, har da direban gingimarin. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Na ba su haƙuri, na saya musu ruwa, na kashe maɓallin. Sanyi ya dawo, bai sake yankewa ba har Bunkure. Duk hanya Rukayya na ta tari irin na wanda ke danne dariya.

Mun tarar da fuskoki a murtuke. Ni a waje na tsaya, ina jiran a fito a ce an fasa. Can sai na ji gidan ya kaure da shewa. Ashe Gwaggo, maimakon dogon ban-haƙuri, zama ta yi ta ba su labarin tun daga "babban esi" har zuwa laluben kuloci, tana kwaikwayon muryata. Aka buɗe akwatuna cikin raha, aka ba da tukuici, har aka aiko min da kwanon alkaki "na Malam Eyakwan". Sunan ya riga ni komawa Kura. Washegari ina shiga aji na ga an rubuta shi a allo.

Na ɗauka maganar Rukayya ta mutu ke nan, na daina bi ta layinsu. Bayan biki Gwaggo ta aika a kira ni.

"Ɗan nan, na ga ka ɗauke ƙafa. Kunya ce?"

Na sunkuyar da kai.

"Mota dai ba ka iya ba, wannan kowa ya shaida. Amma da na ji jiri, motar mutane ka bari a tsakiyar titi ka zo kana min fifita. In kana da magana a gidan nan, turo manyanka."

Yau ni da Rukayya muna da yara, babbar har ta fara gyara min Turanci. Abin da na tsira da shi daga wannan rana shi ne, ba duk abin da ya yi shiru ne ya lalace ba. Shi ya sa in na dawo gida na tarar uwargida ta ɗauke wuta, ba na buɗe bonet, ba na tara jama'a. Nakan zauna a hankali in tambayi kaina: yau kuma me na danna?