Rasuwar Yaaba, Keken Latas na Bulmiyugu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Rasmata Tapsoba, mai latas a lambunan Bulmiyugu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan kasuwa rasuwar kekena, wanda yaran unguwa ke kira Yaaba, wato kaka, saboda tsufansa.

Marigayi baƙin keke ne, ba giya, ba kwalliya. Na hannu na saye shi tun ina goyon fari. Kullum safiya yakan ɗauke ni da kwandunana ya kai mu gidan abincin Madam Nikiema kafin rana ta taɓa ganye, don ita ba ta sayen latas da ya yi laushi, kuma cinikinta ne ke riƙe da gidana. Bai taɓa kwana wurin mai gyara ba. Abincinsa ɗan baƙin mai a sarƙa, sai iska a taya. In ƙorafinsa ya yi yawa, iyakarsa "ƙii-ƙii" a hawan gada, ko "ƙirin-ƙirin" in jaki ya tare hanya. Tinga mai faci ya yi shekaru yana amsa gaisuwata da hanci, wai irinmu ne ke kashe masa sana'a.

Kada kowa ya tambaye ni jinya. Lafiyarsa ƙalau aka kashe shi. Ɗana Wendyam ne ya dawo daga Abijan aljihu da nauyi, ya ce kunya yake ji a ga uwarsa kan wannan tsohon ƙarfe. Ina can wurin suna a Kudugu ya kai shi ga mai walda, aka yanka shi gunduwa-gunduwa, aka yi kurar ruwa da ƙafafunsa. Na dawo na tarar da sabo, ja wur, ledarsa ma ba a cire ba, yaron yana tsaye yana washe baki yana jiran in sa masa albarka. Na sa masa. To me zan yi? Ni na haife shi.

Sabon nan kuwa, kai! Yau sarƙa ta zame, gobe birki ya riƙe, jibi giya ta cije a tsakiyar titi. Yanzu har kujera Tinga yake ba ni, ya tambayi lafiyar jikoki. Latas kuwa a kwance yake isa, kuma Madam Nikiema ta rantse in na sake makara za ta koma wurin Poko mai babur.

Marigayi ya rasu ya bar ni, da kwanduna biyu, da famfon iskar taya da bai san wahala ba sai yanzu.

Babu jana'iza, tunda ba a bar mana gawa ba. Za a karɓi gaisuwa gobe da sassafe a bakin titin Bobo, inda za ku same ni ina tura sabon da ƙafa. Kada a kawo gari, kada a kawo goro. Mai zuwa ya zo da gammonsa ya ɗauki kwando. Wendyam ne zai ɗauki babban, kuma ya sako takalmin da zai iya gudu da shi.