Sarkin Ruwan Sentul

"Ni da kifi bambancinmu ɗaya ne," in ji Hambali, yana shafa tumbi. "Ni ina salla."

Haka yake buɗe hira, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. In ba ka san shi ba, mai karatu, matso in nuna maka. Ɗan gajere ne mai faɗin murya, ɗalibin digiri na uku, maƙwabcinmu a hawa na goma sha huɗu a unguwar Sentul, cikin Kuala Lumpur. Bai gama babi na biyu na kundin bincikensa ba, amma tuni yake amsa "Dakta". A faɗarsa, kakansa ya shekara arba'in yana fama da kifi. Wannan kam gaskiya ne. Abin da ba ya ƙarasawa shi ne, busasshe tsohon yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari.

Da wannan baki ya yi zance har ya samu Sakinatu, yarinya mai sanyin magana. Ta waya ya ƙetare mata Dam ɗin Tiga da iyo, zuwa da dawowa. Ta waya ya yi mata alƙawarin ranar da ta iso Malesiya zai kai ta tsibirin Langkawi, ya tuƙa ta a kwale-kwale da hannunsa. Sau uku tana cewa, "Dakta, ai ni ma mahaifiyata…" yana katse ta.

"Bari kawai, Amarya. Sha'anin ruwa sai jini."

Ta iso a watan Fabrairun 2020. A watan Maris aka kulle ƙasa. Duniya na kuka da korona, Hambali na godiya a zuci, don ita ta rufa masa asiri. Abu ɗaya yake tsoro fiye da cutar: ranar da matarsa za ta gane mijin da ta baro Kano dominsa ko a bahon wanka sai ya riƙe bango.

Da ya ga kullen ya miƙe, sai baki ya ƙara buɗewa. Da aka ɗan sassauta, har unguwar Brickfields ya je aka buga masa riga ruwan ɗorawa, a bayanta an rubuta da manyan baƙaƙe: HAMBALI SARKIN RUWA.

Bilya, abokinsa tun na firamare, ya gan shi da ita a layin tapau, inda ake ƙunshe wa mutum abinci ya tafi da shi gida.

"Kai, Tulu! Ba kai ne kake rufe ido in mota ta hau gadar Wudil ba?"

"Addu'a nake wa kakannina, jahili."

"To Allah ya buɗe Langkawi mu sha kallo."

"Amin," in ji Hambali da ƙarfi, zuciyarsa na cewa ba amin ba.

Allah ya karɓi ta Bilya. A watan Satumban 2021 aka buɗe tsibirin ga waɗanda suka cika rigakafi. Sakinatu ta nufi kicin. Hoton bakin teku da ta liƙa a jikin firji wata goma sha tara kawai ta ciro, ta ajiye masa kusa da kofin shayi.

Dabara ta farko, rashin lafiya. Sai an yi gwaji ake tafiya, don haka gogan naka ya sha citta da barkono kofi uku, ya zuba rigar sanyi biyu a zafin Kuala Lumpur, ya isa wurin gwaji yana tari kamar tsohuwar Vespa. Aka auna goshi, lafiya lau. Aka zura masa tsinke a hanci har ya hango garinsu. Sakamako ya fito fes.

"Alhamdu lillahi," in ji Sakinatu.

"Ki duba dai da kyau," in ji shi. "Na'urorin nan suna kuskure."

Dabara ta biyu, koyon iyo a waya. Sakinatu ta dawo daga shanya ta tarar da shi rub da ciki a kan gado, yana wutsil-wutsil da ƙafafu, ya tunkuɗo filo biyu da agogon gefen gado.

"Dakta, lafiya?"

"Ina tuna wa jiki ne."

"Allah ya sa ya tuna," ta ce, ta ɗauke agogon.

Suka sauka Langkawi. Tsibiri shiru, rairayi fari kamar garin tuwo, masu hayar jirage na murnar ganin baƙi bayan dogon zama. Wani dattijo, wanda kowa ke kira Pak Cik, wato baba, ya jawo musu siririn kwale-kwalen roba na mutum biyu da ake ce wa kayak, ya miƙo rigunan kariya masu hana nutsewa. Sakinatu ta sa tata. Hambali ya dubi tasa, ya ga za ta rufe rubutun bayansa.

"Amarya, gaya masa a gidanmu abin kunya ne."

"Pakai lah, boss," in ji Pak Cik, yana roƙonsa ya sa.

Ina! Dakta yana da dabara ta uku. Ya taɓa ganin masuntan Argungu a talabijin suna yawo kan ruwa da gora. Gora babu a Langkawi, amma ya samo jarkar man gyaɗa fanko a bayan kicin ɗin masauki. Ya ɗaure ta tam a ƙugu, ta baya, da igiyar shanya.

"Wannan ita ce al'ada," ya ce. Ya gyara takunkumin fuskarsa, don shi mutum ne mai bin doka, ya shiga.

Tuƙi ya fara. Hannun dama kawai yake zuba wa ƙarfi, hagu na riƙe da gefen jirgi. Suka kewaya wuri ɗaya sau shida kamar ingarman da aka ɗaure a turke.

"Dakta, wannan bishiyar kwakwar mun gaisa da ita ɗazu."

"Ina karantar ruwa ne. Ba a shiga gidan mutum babu sallama."

Iska ce ta ja su ciki, ba shi ba. Can wani ɗan kifi, bai fi cokali ba, ya yi tsalle ya faɗo masa a cinya. Jikan masu kifi ya ƙwalla ƙara ya miƙe tsaye. Kayak kuwa ba ya son a tsaya masa a ka.

Tsundum!

Jarka ta yi aikinta tsakani da Allah: ta ɗaga inda aka ɗaure ta. Ƙugu sama, kai ƙasa, ƙafafu na harbin iska kamar agwagwa mai kiwo. In ya samu ya ɗago, jiƙaƙƙen takunkumi ya manne masa a hanci, ya ja numfashi ya sha tsumma.

"Amarya! Ki yafe min! Ki gaya wa Hajiya… babi na biyu yana cikin kwamfuta!"

Sakinatu ta gyara ɗaurin hijabinta, ta tsaga ruwan nan kamar wuƙa a kabewa. Ta zare igiyar, ta cafki wuyan rigarsa, ta jawo shi har gaɓa babu ko haki.

Ya daɗe zaune a rairayi yana amayar da teku. Da ya samu murya, ƙasa yake kallo.

"Amarya… ban iya ba."

"Na sani. Hajiyarka ta faɗa min tun ranar kawo lefe."

"Ke kuma a ina kika…?"

"Mahaifiyata 'yar Yawuri ce, gidan Sarkawa masunta. A kogi nake hutun makaranta. Sau uku ina so in gaya maka."

Ya ɗago kai. "To me ya sa kika aure ni?"

Ta matse masa ruwa daga gefen riga, tana murmushi. "Da mai iyo nake nema, ai kifi cike yake da kasuwa."

Wallahi da a nan labarin ya tsaya, da ni ma na fi so. Amma Pak Cik yana da waya, kuma yana da shafin tallan jiragensa.

Bayan mako guda da dawowarsu, Hambali na zaune a shagon mamak, wurin shan shayi da hira, yana ba mutane labarin yadda ya bar iyali ta gwada ceto don ta samu ƙwarin gwiwa, sai Bilya ya ɗora waya a tebur. Ga hoto: mace na jan wani abu ruwan ɗorawa zuwa gaɓa, jarka na bin su a baya. A ƙasa an rubuta gargaɗi da Malayanci, Bilya ya fassara da murya mai daɗi: "Sa rigar kariya, kada ka zama kamar wannan."

Hambali ya leƙa, ya ja tsaki. "Wa ya ce ni ne? Mutum da takunkumi, ko fuska ba a gani."

Bilya ya sa yatsa biyu ya buɗe hoton, har baƙaƙen bayan rigar suka cika waya.

"Gaskiyarka, Tulu, ba a ganin fuska. Amma bawan Allahn nan ya yi ƙoƙari, ya sa hannu."